Katin da Zai Maido wa Baba Wuƙarsa

Abin da na fara gani a asibitin shi ne wani bokitin fenti da aka cika da yashi, aka ajiye a bakin ƙofa domin masu tofar da yawu. Yashin ya jiƙe ya yi baƙi. Akwai guntayen sigari a tsattsaye a ciki, da manyan ƙudaje masu koren baya, irin na mayanka. Na ja hijabina na toshe hanci. Baba ya wuce ta gefen bokitin kamar bai gan shi ba, ni kuma na bi shi ina kallon dunduniyarsa, don a lokacin ba na iya kallon mutane a ido. Har yanzu ma ban gama iyawa ba.

Ina aji uku na ƙaramar sakandare a shekarar. A Enugu aka haife ni, a Coal Camp, a wani gidan haya mai ɗaki tara da banɗaki ɗaya. Ina jin Ibo kamar 'ya'yan maƙwabtanmu, ina jin Turancin makaranta da na kasuwa. Baba kuwa ya fi shekara ashirin a garin, amma bai wuce gaisuwa da ciniki ba. Shi ya sa ya ɗauko ni. Asibitin sun ce sai ya riƙa zuwa da wani daga gida, shi kuma ya rantse babu namijin da zai ji abin da za a tambaye shi. Inna ba ta fita, ƙanwata ba ta cika shekara biyu ba. Saura ni.

Baba mai yanka ne. Ba fiɗa yake yi ba, ba sayar da nama ba. Idan samari sun kayar da sa sun ɗaure, shi ake kira ya juya shi alƙibla, ya yi bisimilla, ya sa wuƙa. Mutanen unguwarmu ba sa tambayar inda nama ya fito idan aka ce shi ya yanka. Ciwon baya ne ya fara sa shi shan ƙwayar taramol. Daga nan sai maganin tari mai kodin, daga baya har da 'yan ledojin nan na giya da ake sayarwa a bakin tasha. Wata safiya hannunsa ya saki a tsakiyar yanka, sa ya fizge igiya ya miƙe da rabin wuya a buɗe, ya zagaya mayanka yana feshin jini kafin a sake kayar da shi. Ban gani ba, amma babu wanda bai ba ni labari ba, har 'yan ajinmu. A ranar Sarkin pawa ya karɓi wuƙar a gaban jama'a. Ya ce ba zai mayar ba sai Baba ya yi sati goma sha biyu yana zuwa asibitin masu shaye-shaye, kuma ya kawo shaida a rubuce cewa jikinsa ya wanku. Kafin nan aka mayar da shi wajen masu wankin tumbi.

Shaidar wani kati ne ruwan hoda mai gida goma sha biyu. Kowace Talata da safe mukan hau keke mai ƙafa uku na haya mu je, ni da kayan makaranta a jikina. Ba kwantar da kowa ake yi ba. Za a auna ka, a yi maka tambayoyi, a ba ka ɗan kofin roba ka shiga banɗaki ka kawo fitsari. Nas ɗin za ta taɓa kofin da bayan hannunta ta ji ko da ɗumi, ta tsoma wani ɗan tsinke a ciki, ta jira layuka su fito. Idan babu ƙwaya a jikinka, ta buga hatimi a gidan satin. Idan akwai, ta ja layi da jan biro. Daga nan a ba ka magani na sati guda ka koma gida.

Nas ɗin babbar mace ce mai furfura a gaban goshi, tana kirana “nne”, yadda matan Ibo ke kiran yarinyar da suke so. Ranar farko ta ce in zauna tsakaninta da Baba. Ta fara tambaya. Yaushe ya sha na ƙarshe? Guda nawa a rana? Yana yin bayan gida kullum, ko yana kwana uku bai yi ba? Yana iya kusantar iyalinsa? Da ta zo kan wannan na kasa fassarawa, na kafa ido a kan yatsun ƙafata.

“Me ta ce, Uwata?” in ji Baba. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

“Ta ce... ko kana cin abinci.”

“Ce mata ina ci.”

Na ce mata yana ci. Nas ɗin ta dube ni ta saman tabarau, ta rubuta wani abu, ba ta sake yin tambayar ba.

A kan bencin jira akwai wani tsoho ɗan Ibo da ba ya fashin zuwa. Ya yi aikin jirgin ƙasa a Arewa, Hausarsa ta fi tawa tsufa. Giya ce ta kawo shi. Hancinsa ya kumbura ya yi ja, kuma idan ya yi dariya sai wani wari mai tsami ya taso, kamar na kwatamin bayan gidanmu. Da ya ga Baba da carbi a hannu sai ya tafa.

“A'a! Malam, kai ma an kamo ka? Matso nan, benci ɗaya ne da na liman da na ladan.”

“Ni ciwon baya ne ya kawo ni,” in ji Baba.

“Ni ma ciwon baya ne, wallahi. Matata ce ta dake ni da taɓarya.”

Duk waɗanda suka ji Hausa suka yi dariya, har wani saurayi mai turin baro da ke can ƙarshen benci yana karkaɗa ƙafa. Baba bai yi ba. Ya zauna a ɗofane, ya tattara rigarsa don kada ta taɓa kowa. Baba mutum ne mai tsantseni a kan tsarki. Shi ya koya mini cewa ɗigon fitsari ɗaya a zane yana ɓata salla. Na sha ganin ya canza wando don kawai ƙanwata ta zauna masa a cinya da ɗan danshi.

Sati uku na farko ya yi ƙoƙari, wannan ba zan hana shi ba. Na ga wahalar da ya sha. Yana zufa yana rawar ɗari a lokaci guda. Hamma ba ta yanke masa, hanci na zuba, ido na zuba. Ga gudawa, a gidan da mutum talatin ke layin banɗaki ɗaya. Wata rana bai kai ba. Inna ta wanke wandon a bayan ɗaki ta shanya a ciki, don kada maƙwabta su gani. Ni nake zubar da robar amansa, kore ne mai yauƙi, ina riƙe numfashi har in kai kwatami. Duk da haka sati na ɗaya da na biyu jan layi aka ja masa. Nas ta ce kada ya damu, abin yana daɗewa kafin ya fita. A na uku ta buga hatimi na farko, ta ce in gaya masa ta ji daɗi. Na gaya masa. A keke ya yi ta fito da katin yana dubawa.

A sati na huɗu sai ya warke tas, kamar an ɗauke ruwa. Zufa ta tsaya, gudawa ta tsaya, ya koma cin tuwo malmala biyu. Yana zama a ƙofar ɗaki da yamma idonsa rabi a rufe, yana sosa hanci a hankali, yana murmushi ga kowa. Inna ta yi sadakar ƙosai. Hatimi kuma ya ci gaba da hawa katin, huɗu, biyar, shida.

Aikina ne kowace safiya in zubar da fo ɗin da ƙanwata ke fitsari a ciki in wanke kafin in tafi makaranta. Sai na lura ranar Talata nakan tarar da shi babu komai, an ɗauraye an kife. Na ɗauka Inna ce ke rage mini aiki saboda asibiti. Har na ji daɗi.

Talata ta bakwai na fito da wuri neman safata da na shanya a bayan ɗaki. Akwai wani lungu a wurin, tsakanin bangonmu da tankin ruwa. Baba na tsugune a ciki, ya ba ni baya. Fo ɗin yana gabansa. A hannunsa na hagu akwai wani abu fari-fari mai santsi, da na duba sosai na gane mafitsarar akuya ce, an wanke ta an hura ta, irin wadda yaran mayanka ke buga ƙwallo da ita. Ya sa mazurarin da muke ɗura kananzir a bakinta, yana tsiyaya fitsarin ƙanwata a hankali, ba ya bari ko ɗigo ya zube. Hannun da ya kasa riƙe wuƙa bai yi rawa ba ko kaɗan. Da ya gama ya ɗaure bakin da zare, ya ɗaga singiletinsa, ya cusa abin a hammatarsa ta hagu, ya zagaye ƙirjinsa da wani tsumma ya ɗaure. A nan zai yi ɗumi, yadda bayan hannun nas zai yarda.

Na koma ɗaki ba tare da safar ba. Na sa takalmi haka nan.

A keke ni ce a gefensa na hagu. Titin ya farfashe saboda ruwan sama, duk ramin da muka faɗa sai in ji kamar abin yana motsi a jikina. Ya matse hannunsa da haƙarƙarinsa kamar mai ciwon kafaɗa. Ya fesa turare mai yawa, amma a ƙarƙashin turaren ina jin ƙarnin akuya da zarnin da na sani sarai, tunda ni nake wanke shi kullum. Na leƙa da kaina waje, ruwa na dukan fuskata, har mai keken ya ce in shigo da kai kada mota ta fille shi.

Nas ta taɓa kofin, ta tsoma tsinke, ta buga hatimi. Ta ce, “Nne, ki ce wa babanki ya zama abin misali a nan.” Na juya na faɗa masa da Hausa, kalma bayan kalma. Ya ce, “Alhamdu lillahi.” Wannan ma na fassara.

Da muka fito na ga wani danshi a rigarsa, daga hammata zuwa ƙugu, faɗin tafin hannu. Wataƙila wajen kwance zaren ne ya zube. Kowa zai ɗauka zufa ce. Na yi ta jira ya ce mu biya gida ya canza. Bai ce ba. Muka wuce kai tsaye wajen Sarkin pawa, kamar yadda muka saba, don ya ga katin.

Sarkin pawa dattijo ne siriri, yana zama a kan buzu a wata rumfa kusa da Kasuwar Artisan. Baba ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

“Ranka ya daɗe, barka da hantsi.”

“Barka kadai. Ya jikin?”

“Jiki alhamdu lillahi.”

“Ya iyali? Ya ruwan nan?”

“Ruwa ya yi gyara, ranka ya daɗe.”

Dattijon ba ya karatun boko, hatimin kawai yake ƙirgawa da yatsa. Ya ƙirga, ya gyaɗa kai, ya dube ni ya ce, “'Yar boko, ke ce shaidarmu fa. Abin da aka rubuta ke nan?” Na ce, “Shi ne.” Muryata ko ni ban ji ta sosai ba. Suka zauna hira har aka kira azahar, Baba ya yi alwala ya shiga sahu da rigar nan, kafaɗarsa tana gogar ta dattijon. Ina zaune a kan wani buhun albasa ina kallo. A ranar ban je makaranta ba sam.

Kwana biyu ina juya maganar kafin na gaya wa Inna. Tana tankaɗe garin masara. Na tsuguna kusa da ita na faɗa a hankali, ina kallon rariyar. Ba ta daina tankaɗen ba.

“Wa ya aike ki bayan ɗaki?”

“Safata na je ɗauka.”

“To ba ki ga komai ba.”

“Inna, da rigar ya yi salla.”

“Ke ce za ki koya wa ubanki salla?” Ta buga rariyar a gefen kwano. Can ta sassauta murya. “Kin ga hannunsa kuwa? Kin ga yadda ruwan tumbi ya cinye masa yatsu? Mutumin da ake tashi tsaye idan ya shigo mayanka, yau yaran da ya girme wa iyayensu ke ce masa ya yi sauri. Sati biyar ya rage. Ki bari ya karɓi abinsa.”

A nan na gane wanda ke ɗauraye fo ɗin ya kife. Baba bai taɓa wanke ko cokali ba a gidanmu.

Na yi shiru sati huɗu. Duk Talata ina zaune a gefensa na hagu. Na daina cin nama, na ce haƙorina ke ciwo. Na daina ɗaukar ƙanwata, ita da ba ta san komai ba, har ta riƙa kuka tana miƙo mini hannu. Abin da ya fi ba ni ƙyama shi ne bakina. Da shi ake faɗin ƙaryar. Baba zai ce rabonsa da ƙwaya tun watan jiya, ni ce zan mayar da maganar Turanci mai kyau, in miƙa wa matar da ke kirana nne. Tsohon nan mai jan hanci an ja masa jan layi sau uku a jere, ya fito yana nuna wa kowa katinsa yana cewa, “Na sake faɗuwa jarrabawa, jama'a, a yi mini addu'a ko a saya mini kwalba ɗaya.” Da farko shi na fi ƙyama a duk wurin. Daga baya na koma zama kusa da shi a benci, duk da warin.

A Talata ta goma sha ɗaya, muna cikin keke za mu koma, Baba ya yi magana ba tare da ya dube ni ba.

“Uwata, innarki ta gaya mini.”

Na juya fuskata wajen titi. Ya ci gaba.

“Ba kullum nake sha ba. Rabin ƙwaya ne, don in iya tsayuwa a ruwan tumbin nan. Ranar da wuƙata ta dawo hannuna, da kaina zan bari. Kin taɓa jin na yi miki alkawari na saɓa?”

Na girgiza kai. Ya ciro biskit daga aljihu ya ba ni. Na riƙe shi a hannu har gida, na ajiye a kan taga, tururuwa suka cinye.

Ranar Litinin da la'asar, ana gobe zuwanmu na ƙarshe, matar maƙwabcinmu ta aiko da zakara. 'Yarta ce ta sauke Alƙur'ani, mijinta kuma ya tafi Fatakwal da shanu. Ta ce tunda kowa ya ce Malam ya warke, ya taimaka ya yanka mata, don albarkar hannunsa. Baba ya ji daɗi har ya kasa ɓoyewa. Ya wasa wuƙar girkin Inna a bakin dakali, ya ce in riƙe masa ƙafafu da fukafukai. Muka tsuguna a bakin kwatami. Ya kama kan zakaran, ya ja wuyan, ya ɗora wuƙa. Ina jira in ji bisimilla. Sai na ji shiru. Na ɗaga kai. Idonsa a rufe yake, leɓensa na ƙasa ya saki, wani siririn yawu yana saukowa ta gemunsa. Wuƙar tana tafiya da kanta, a hankali, kamar mai yanka sabulu. Ta tsaga fata ta shiga maƙogwaro kaɗan ta tsaya. Zakaran ya yi wani irin kuka ta ramin wuyansa, ya fizge daga hannuna, ya ruga tsakar gida kansa na lilo a gefe, yana watsa jini a kan kayan wankin mutane. Baba ya farka a firgice ya bi shi, ya take shi da ƙafa a gindin tanki, ya ƙarasa shi a nan, ba alƙibla ba komai.

Ya miƙe yana haki, ya waiwaya. Babu kowa a tsakar gidan sai ni.

“Zakaran nan akwai ƙarfi,” in ji shi. “Kai mata.”

Na kai mata. Ta yi godiya, ta sa albarka. Da magariba ta aiko mana da cinya da romo a kwano mai murfi, kuma na ji 'yan saukar suna ci suna dariya a ɗakinta. Ranar Juma'a ne Sarkin pawa ya ce zai mayar da wuƙar bayan an sauko daga masallaci. Sa ba zakara ba ne, kuma samari huɗu ne ke riƙe shi, fuskokinsu dab da hannun mai yanka.

Washegari na tarar da fo ɗin a kife. Muka hau keke. A asibiti layi bai yi tsawo ba. Nas ta karɓi katin, ta ga saura gida ɗaya, ta yi murmushi ta ce yau sai biki. Ta yi tambayoyinta, Baba ya amsa, na fassara. Sannan ta ɗauko kofin roba ta rubuta lamba a jikinsa, ta miƙa masa. Ya karɓa da hannun dama, na hagun yana manne da jikinsa. Ya miƙe.

Ban taɓa fara yi wa nas ɗin magana ba, sai dai in amsa. Kuma ban taɓa yi mata Ibo ba, Turanci muke yi. Amma Baba yana tsintar Turanci kaɗan-kaɗan, Ibo kuwa idan aka yi sauri ba ya kama komai. Na kafa ido a kan hatimin da ke gefen hannunta, na yi maganar da sauri, da Ibon 'yan unguwarmu.

“Mama, don Allah ina roƙon wani abu. Kada ki ce ni na faɗa. Yau ki sa wani namiji ya shiga banɗakin tare da shi, ya ce masa ya tuɓe riga.”